Amsoshin Tambayoyinku: An Cire Kan Batir Fitila Ta Mutu, Kwana Biyu Ta Dawo

TAMBAYA: Ina zaune a Gyadi-Gyadi, ina noman shinkafa a wajen Kadawa. Ina da Hilux mai shan fetur, ƙirar 2017, na saye ta a hannu. A daminar bana ta kafe mini a laka a hanyar gona, sai da na sa ogziliyari yara suka tura sannan ta fita. Tun daga ranar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama ta ƙi mutuwa. Ta ogziliyarin ma wani lokaci sai ta riƙa ƙiftawa. Na kai wa bakanikena a nan Tarauni, ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar, fitila ta mutu, na yi murna. Kwana biyu ta dawo. Aka sake cirewa, ta sake dawowa. Yanzu wani mai wayarin ya ce in kawo ya kashe mini ita gaba ɗaya in huta, tunda mota tana tafiya lafiya. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma yaya ake yi ta mutu da gaske?

Daga wani mai karatu, Gyadi-Gyadi, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya sa a girbe lafiya. Tun kafin mu yi nisa, kada ka kai wa mai wayarin ɗin nan motar. Dalili zai zo a gaba, amma na ga ya kamata in fara tare wannan ƙofar.

Abu na farko da kowane direba ke son ji shi ne ko zai iya ci gaba da hawan motar. Launin fitila ne ke faɗa. Ja na nufin tsaya. Idan jar fitilar baƙin mai, mai siffar 'yar buta da ɗigo a baki, ta kama inji yana aiki, to ko a kan gadar Dangi kake ka nemi gefe ka kashe mota, domin man ba ya zagayawa da ƙarfin da ake buƙata, kuma 'yan mintoci sun isa inji ya buga. Haka fitilar zafi. Ta batir kuwa ba batir take ƙara ba, caji ne ya tsaya, kuma a irin injinka bel guda ne ke juya altaneta da famfon ruwa, saboda haka in bel ɗin ne ya tsinke zafi na biye da shi. Ruwan ɗorawa kuma na nufin akwai matsala, a duba da wuri, amma ba lallai a ajiye mota nan take ba. Taka tana cikin wannan aji, da sharaɗi ɗaya: muddin a tsaye take. Ranar da ka ga fitilar injin da kanta ta fara ƙiftawa, mota tana rawa tana jan ƙafa, to wani fiston ba ya ƙona mansa, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana dafa indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki. Ranar ka sassauta totur, ka nufi gareji mafi kusa.

Yanzu ga abin da ya sa take dawowa bayan kwana biyu, kuma nan ne zan ɗan daɗe, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Wannan fitila asalinta ba don kare inji aka ƙirƙiro ta ba, don hayaƙi aka yi ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda hayaƙin motoci ya addabi biranenta, ita ta fara tilasta wa kamfanoni su sa wa mota ƙwaƙwalwar da za ta riƙa sa ido a kan kanta, tun daga motocin 1988. Daga 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai da tsari iri ɗaya da ake kira OBD-II, mai soket guda mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, sannan masu dizal a 2004. Shi ya sa mai wayarin bai yi ƙarya ba da ya ce mota tana tafiya lafiya. Tana iya tafiya lafiya a kunnenka alhali tana zuƙar mai fiye da ƙima, ko tana cinye fulogi a hankali. A da can da fetur ke da araha mutum na iya kau da kai. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kadawa ya san kowace lita da sunanta.

Ƙwaƙwalwar motar ba ta da garaje. Yawancin matsaloli in ta gan su sau ɗaya sai ta rubuta ta ajiye, ba ta kunna fitila. Sai ta sake ganin abin a tafiya ta biyu a jere sannan ta kunna. Kuma ba kowane gwaji take yi da zarar an tayar da mota ba. Wani sai inji ya yi zafi, wani sai an miƙe hanya an daɗe a gudu ɗaya, irin wanda ba ka samu a cunkoson Kasuwar Tarauni sai ka wuce Na'ibawa ka kama titin Zariya sosai. To da bakanikenka ya cire kan batir, abin da ya yi shi ne ya goge rubutun. Ƙwaƙwalwa ta farka ba ta tuna komai, ta fara gwaje-gwajenta daga farko. Ka je gona ta ga matsalar ta rubuta, ka sake fita ta sake gani, ta kunna. Kwana biyun da ka ƙirga ke nan. Ko sau goma aka cire, haka za ta yi.

Ba komawar fitilar ce ta fi damuna ba, abin da ake asara ne a kowace cirewa. A daidai lokacin da fitila ta kama, ƙwaƙwalwa tana adana lambar matsalar, tana kuma adana yanayin da mota ke ciki a wannan daƙiƙa: gudun da ake yi, zafin inji, yawan juyawarsa, yawan man da take ƙarawa ko ragewa. Kai da ke maƙwabtaka da Asibitin Malam ka san darajar fayil. Cire kan batir kafin a karanta daidai yake da a yaga fayil ɗin majiyyaci a bakin ƙofar likita don kada a ga an rubuta ba shi da lafiya. Ban da wannan, mota tana manta saitin da ta koya wa kanta, shi ya sa wani lokaci bayan an mayar da batir za ka ji silo yana hawa yana sauka na ɗan lokaci, agogo ya koma baya, gilashin taga ya daina hawa da taɓawa ɗaya.

Ban ce bakanikenka mugu ba ne. Da yawa daga cikin iyayen gidanmu a gareji sun koyi aiki a zamanin Fijo 504 da kafireto, lokacin da kunne da hanci da sukundireba sun isa gano ciwon mota, kuma har gobe a aikin ƙasa da giya da birki ba a kama ƙafarsu. Amma wannan aikin na mai na'ura ne.

Saboda haka ka bar fitilar a kunne, ka kai motar a sa mata kwamfuta tana kunnen. Masu wannan aiki sun yawaita a Kano yanzu. Sai dai ka lura da abu biyu. Hilux ba motar kasuwar Amurka ba ce, kuma waɗanda aka ƙera don ƙasashen Larabawa da Afirka ba kullum suke amsa wa ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da waya ba. Ko sun amsa ma, irin waɗannan na'urori inji kaɗai suke karantawa, ba sa shiga ɓangaren birki da ogziliyari. Kai kuwa kana da fitila biyu. Nemi mai babbar na'ura irin su Launch ko Autel, ko mai manhajar Toyota ta Techstream a kwamfutarsa. Abu na biyu, ka tsaya a kansa. Ka ce, “Malam, kada ka goge komai sai na ɗauki hoto.” Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka, har da shafin da ke nuna yanayin motar lokacin da abin ya faru. Akwai masu saurin hannu da ke sa na'ura, su danna gogewa, su karɓi kuɗi, ka tafi kana godiya. Wannan cire kan batir ne aka yi maka da tsada.

Lambar za ta zo da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, C na ƙasan mota kamar birki, B na jiki kamar jakar iska, U kuma na sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar, don ba guda ɗaya ba ce. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta ba a fiston ɗaya ba, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna maka wane ne daga cikin huɗun. P0171 na cewa iska ta rinjayi mai. P0101 na ƙorafi a kan sansar da ke auna iskar da ke shiga inji. P0135 na magana a kan abin ɗumama sansar hayaƙi ta gaba. P0420 kuma indomi ce ba ta aikinta.

A nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi. Lamba tana nuna layin da matsala take, ba ta cewa a sayi kaza. In na'ura ta ambaci sansar hayaƙi, ba dalili ba ne a tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa nan take. Sansa tana da waya, waya tana da soket, soket yana da fis, kuma kowanne cikinsu zai iya haifar da lamba iri ɗaya. Sau da yawa a cire sansar asali mai lafiya a sa jabu, fitila ta dawo, a ce ƙwaƙwalwa ce ta lalace, a shiga wani sabon kashe kuɗin.

Tunda abin ya fara ne ranar da ka kafe, ni da zan duba motarka daga ƙasa zan fara. Sansar hayaƙi a jikin salansa take, wayoyinta suna bin ƙarƙashin mota, inda laka da karan shinkafa da kututture ke jan su. A ɗaga motar, a wanke ƙasan, a bi wayoyin da ido da hannu, a buɗe soket-soket a ga ko ruwa ya kwanta ya yi kore. Daga nan a buɗe gidan iyakilina. In takardar ta jiƙe ko ta yi tabon laka, ruwa ya kai inda bai kamata ba, a canza ta, a fesa wa sansar iskar da ke bayanta maganin wankinta na musamman. Kada a wanke ta da fetur, kada a taɓa siririyar wayar cikinta da tsinke. Ka kuma tuna ko bayan ka dawo ka kai wanki an yi wa injin feshin ruwa mai ƙarfi, domin ruwan da ya sauka ramin fulogi yana sa kwayil tsallake wuta. Sannan motar da ke kwana kusa da buhunan shanshera ba ta rasa baƙuncin ɓera, shi kuwa ba abin da yake so irin rigar waya.

Idan duk wannan lafiya, sai a koma kan mai. Ba a manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyom, hukuma ta amsa da bakinta, motoci da dama suka kwanta a Legas da Abuja. Ba sai an kai can ba ma. Galan ɗaya na 'yan bumburutu a hanyar gona, wanda ruwa ko ƙasa ya shiga, ya isa ya toshe nozul ko ya raunana famfon mai, lambar P0171 ta fito. In kuwa P0420 ce ta fito a motar da aka saya a hannu, a leƙa a tabbatar indomin tana nan, don ana fafe ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Akwai kuma tsohuwar al'adar garejinmu ta cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, musamman da sanyin hunturu, sai ya yi ta shan mai, a motocin Amurka ma har fitila yake kunnawa. Shawarar nan da ake yawan bayarwa ta a ɗaure murfin tanki da kyau gaskiya ce, amma ta fi shafar 'yan Amurka irin su Highlander da Sienna da Camry, masu gwada ko tururin fetur yana zurarewa.

Fitilar ogziliyari labarinta daban, ko da yake rana ɗaya suka fara. Ƙiftawarta na nufin an ba da umarni amma aikin bai kammala ba. A irin taka, da ake murɗa maɓalli maimakon jan sanda, ƙananan motocin lantarki ne ke tura haƙoran su shiga, ɗaya a jikin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, ɗaya a aksul ɗin gaba. Kafin ka kashe ko sisi gwada wannan: a kan hanyar ƙasa, miƙe sitiyari, murɗa zuwa H4, ka ɗan taka totur ka saki, ko ka ɗan yi baya kaɗan. Sau da yawa haƙoran ne ba su daidaita ba, da sun sami sarari sai su faɗa, fitila ta tsaya cak. L4 kuma ba ya shiga sai mota ta tsaya, an taka kuloci, ko an sa giya a N in mai canza kanta ce. Kada ka yi wannan gwaji a kan busasshiyar kwalta, kuma kada ka manta ogziliyari a ciki ka hau titi, don ƙafafun gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja, ƙarfen ya ɗaure, fitar ma ta gagara. In ƙiftawar ta ƙi bari, to soket ɗin waɗannan ƙananan motoci ko cikinsu ya sha ruwa. Akan buɗe a busar a gyara tun kafin tsatsa ta ci, in an yi sa'a ba sai an sayi sabo ba. Littafin Toyota ma cewa ya yi a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 da ogziliyari duk wata don mai ya zagaya kayan gaba. Mu kuwa sai mu bar shi tun daga kaka har wata damina ba a taɓa ba, sai ranar da aka kafe a tuna da shi.

To yaya ake kashe fitila ta mutu da gaske? Ya danganta da irinta, don kashi biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke kawo ruɗani. Akwai fitilun tuni, waɗanda ba su san komai game da lafiyar mota ba, lissafi kawai suke yi. Toyota 'yan Amurka suna kunna MAINT REQD duk bayan mil 5,000, wato wajen kilomita 8,000, don a yi juyen baƙin mai. Tsofaffin Hilux masu dizal suna kunna T-BELT a kilomita 150,000 don a canza taimin bel. Taka ba ta da wannan, sarƙa gare ta. Har baburan nan masu ƙafa huɗu da manoman Amurka da Ostireliya ke ratsa gona da su suna da irinta: wasu ƙirar Kawasaki, kamar Prairie da Brute Force, suna kunna fitilar bel bayan kowace awa 100 ta aiki don a buɗe a duba. Irin waɗannan da hannu ake kashe su, kuma halal ne, in an riga an yi aikin. A yawancin Toyota masu makulli, za ka kawo allon kan lissafin tafiya na A, ko kan jimillar tafiya a tsofaffi, ka kashe makulli, ka danne ɗan maɓallin ka riƙe, ka kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka ci gaba da riƙewa har sifilai su bayyana. Amma wanda ya kashe T-BELT bai canza bel ba, ranar da ya tsinke a guje bawul da fiston za su gaisa, kuma kuɗin wannan gaisuwar ya ninka na bel sau da yawa.

Kashi na biyu su ne fitilun ƙorafi, irin taka. Waɗannan ba su da maɓalli. In an gyara abin da ya kunna su, ko dai mai na'ura ya goge lambar, ko ka bar ta, ita da kanta za ta mutu bayan tafiya uku a jere da ƙwaƙwalwa ta gwada ta ga lafiya. Lambar kuma ta ci gaba da zama a ajiye har sai inji ya yi zafi ya huce sau 40 sannan ta share. Ni na fi son a bar ta ta mutu da kanta in ba gaggawa, don wannan ce shaidar da ba a saye da kuɗi. In kuma an goge da na'ura, kada ka biya cikon kuɗin gyara a ranar. Ku yi yarjejeniya da mai gyaran cewa sai ka je Kadawa ka dawo sau biyu ko uku. A motocin Amurka daga 2010 ma an ƙara wata lamba da ba na'urar da ke goge ta, ba kuma cire batir, sai motar ta gamsu da kanta, saboda masu goge fitila a bakin wurin gwajin hayaƙi sun yi yawa. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Na dawo kan mai wayarin. Abin da zai yi shi ne ya buɗe allon, ya liƙe fitilar da baƙin salatif ko ya ƙone ta. Fitilar injin guda ɗaya ce tak, amma matsaloli ɗaruruwa ne ke amfani da ita. Yau ƙila waya ce ta jiƙe. Gobe in kwayil ya mutu, ko famfon mai ya fara gajiya a tsakanin Kura da Kadawa da magariba, ba abin da zai gaya maka. Kuma ranar da za ka sayar da motar ka ɓoye wa mai saye aibi, wanda kai ma ka san hukuncinsa a ciniki.

Tunda a hannu ka sayi taka, yi wannan gwajin gobe da safe, kai da duk mai shirin sayen mota. Murɗa makulli fitilu su kawo amma kada ka tayar. Dole ka ga ta inji, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS da ta jakar iska duk sun kama. Wadda ba ta kama ba an taɓa ta. Sannan ka lura da yadda suke mutuwa. Ta ABS da ta jakar iska suna mutuwa da kansu bayan 'yan daƙiƙu ko ba a tayar ba, ta baƙin mai da ta batir kuwa sai inji ya tashi. In ka ga ta jakar iska ta ƙi mutuwa sai tare da ta baƙin mai, a daƙiƙa ɗaya, to wani gwani ya haɗa wayarsu don ta yi kamar tana aiki, kuma akwai yiwuwar babu jakar ma a cikin sitiyarin. Wannan ma ka sa mai na'urar ya duba maka tunda dama za ka biya kuɗin sa kwamfuta.